Yadda Ake Ɓoye Kayan Lambu a Girkin Gida Saboda Yara Masu Tsirfar Abinci

Duk uwar da ta taɓa zuba ido tana kallon ɗanta yana tsince albasa da karas daga cikin shinkafa, yana jera su a gefen faranti, ta san ɓacin ran da ke ciki. An sha wahalar girki, an zuba abin da zai amfani jikinsa, shi kuma ya ci tsurar shinkafa ya miƙe. Uwargida, ki kwantar da hankalinki, yawancin yara suna shiga wannan hali tsakanin shekara 2 zuwa 6. A lokacin yaro yana ƙyamar duk abin da bai saba gani ba, kuma harshensa ya fi na babba jin ɗaci, ga shi ganyaye da dangin kabeji suna da ɗan ɗaci-ɗacin da mu manya muka daina lura da shi.

Sai dai jikinsa na buƙatar kayan lambun tun yanzu. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ce ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 zuwa sama kuma giram 400. Dankali da rogo ba sa cikin wannan lissafi. Yaron da ke ture duk wani abu mai kala ba zai ko kusanci adadin ba, shi ya sa ake niƙa kayan lambun a cusa su cikin abincin da ya riga ya yarda da shi. An gwada hakan a Jami'ar Jihar Pennsylvania da ke Amurka, a wani bincike na Barbara Rolls da abokan aikinta da aka wallafa a 2011. Sun markaɗa kayan lambu sun zuba a abincin yaran da ba su kai shiga firamare ba, yaran suka ci abincin kamar yadda suka saba, kayan lambun da suke samu a rana ya ƙaru sosai, kuma ba su rage cin wanda aka ajiye musu a fili ba.

Na daɗe ina wannan girki, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne aikin kashi biyu ne. Na ɓoye yana ciyar da jikin yaro yau. Na fili, wanda yake gani da idonsa a faranti, shi ne yake koya wa harshensa ci. Tare ake tafiya da su, mataki na bakwai zai yi bayani.

Kayan aiki

- Blanda, ko ƙarama ce ta wadatar
- Gireta mai ƙananan ramuka
- Rariya ko matacin ƙarfe mai ƙananan ido
- Tukunya mai murfi da madambaci, ko kwalandar ƙarfe da za ta zauna a bakin tukunyar
- Farin ƙyalle mai tsabta na matse ruwa
- Farantin daskarar da ƙanƙara, ko ƙananan robobi masu murfi
- Kofi guda da za ki riƙa awo da shi kullum, da cokalin cin abinci

Idan babu blanda, ko babu wuta, ki dafa kayan su yi luguf, ki daka a turmi ko ki murƙushe da cokali mai yatsu, sannan ki tura su ta rariya da bayan ludayi. Ya fi cin lokaci, amma abin da zai fito ta ƙasan rariyar yakan fi na wata blandar laushi ma.

Kayan lambu

Kada ki sayo komai a lokaci guda. Ki fara da karas, kabewa, jan tattasai da albasa, don su ne masu zaƙi, masu saurin ɓacewa a cikin miya. Bayan an saba sai ki ƙaro farin kabeji mai fure, wato kalifulawa, da zukini (wani dangin kabewa mai kama da kokwamba), da alayyafo, da koren wake. Kayan lambun da ake sayarwa a daskare su ma suna da amfaninsu, babu laifi a yi aiki da su. Na gwangwani kuma ki tsiyaye ruwan ki ɗauraye, saboda gishirin da ke ciki.

1. Ki gano ainihin abin da yaron yake gudu

Kafin ki kunna murhu, ki ɗauki 'yan kwanaki kina lura da shi. Tsirfa iri-iri ce. Wani yaron kala ce matsalarsa, da ya hango kore ya gama yanke hukunci. Wani kuma yadda abin yake a baki ne: zai sha miyar da aka niƙa albasa a ciki hankali kwance, amma da silin albasa mai santsi ya hau harshensa sai ya tofar. Wani ƙamshi ne, musamman na kabeji. Wani ba ya son abinci ya cakuɗe, ya fi son kowane abu a gefensa.

Wannan luran shi zai nuna miki hanya. Mai gudun kala, a daidaita masa kala. Mai gudun gudaji, a tace masa. Mai gudun ƙamshi, a gasa masa maimakon a dafa. Daga nan ki lissafa abinci uku ko huɗu da yake ci ba gardama, a cikinsu za ki yi aikin. Amma ki ware guda ɗaya, wanda ya fi so a duniya, ki bar shi yadda yake. Idan wata rana ya gano an taɓa abinci ya yi fushi, yana da abin da zai koma wa, ba za ki wayi gari yaro ya daina cin komai ba.

2. Ki haɗa kala da kala

Nan ne yawancin masu farawa suke tuntuɓe. Yaro da ido yake fara ci.

Ja da ruwan lemo, wato karas, kabewa da jan tattasai, wurinsu miyar tumatir, shinkafar da aka dafa da tumatir, da miyar taliya. Farare, wato kalifulawa, albasa, zukinin da aka fere bawonsa da dafaffen farin wake, wurinsu dakakken dankalin turawa, farar shinkafa, farar miya ta madara, da kwaɓin fulawa. Niƙaƙƙen nama kuwa yana ɗaukar kusan komai, saboda kalarsa mai duhu ce kuma ɗanɗanonsa mai ƙarfi ne. Naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, idan aka yanka shi ƙanana aka soya da nama ba mai bambance su. Ki tsaya ga wanda aka noma don ci, kada ki kuskura ki tsinto na daji, akwai masu kisa a cikinsu.

Kore shi ne mai wuyar sha'ani. Idan kika niƙa alayyafo kika zuba a jar miya, za ta koma ruwan ƙasa, tsamin tumatir kuma zai ƙara dushe kalar ganyen, yaro ya leƙa tukunya ya ce ba ya ci. Ko dai ki ɓoye ganyen a cikin nama, ko kuma kada ki ɓoye shi sam, ki yi abin ya fito kore shar ki ba shi suna. Yara da yawa da ba sa cin ganye suna cin "koren ƙwai" ko "koren fankek" da murna, saboda sun ɗauke shi abin wasa.

3. Wankewa, yankawa da dafawa

Ki wanke hannu, ki wanke kayan da ruwa mai tsabta kafin ki yanka. Idan aka yanka sannan aka jiƙa a ruwa, wasu sinadaran suna tsiyayewa. Ki fere karas da kabewa, ki cire 'ya'yan tattasai da farin jikinsa, ki yanka komai kusan girma ɗaya don su nuna tare.

Turarawa ta fi tafasawa. Bitamin C da wasu daga dangin bitamin B suna narkewa a ruwa, idan kika tafasa kika zubar da ruwan, da shi suka tafi. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya, ki ɗora madambaci ko kwalanda ba tare da ruwan ya taɓa kayan ba, ki rufe. Karas yana ɗaukar minti 12 zuwa 15, kabewa 10 zuwa 12, kalifulawa 8 zuwa 10, zukini kamar 5. Alamar nuna ita ce cokali mai yatsu ya shige ba turjiya. Idan dole sai kin tafasa, ki sa ruwa kaɗan ki yi markaɗen da shi.

Kalifulawa da kabeji da burokoli (koren ɗan'uwan kalifulawa) kada su wuce lokacinsu a wuta. Da sun daɗe sai su fara fitar da wari mai ƙarfi da zai cika gida, kuma warin yana bin abincin har faranti. Yaro mai hanci zai gane tun daga ƙofa.

Alayyafo minti ɗaya kacal yake buƙata a tafasasshen ruwa. Ki tsame, ki tsoma a ruwan sanyi nan take don kalar ta tsaya, ki matse shi sosai da hannu.

Idan kina da murhun gashi, ga hanyar da na fi so ga yaro mai gudun ƙamshi: ki shafe karas, kabewa, tattasai da albasa da mai kaɗan, ki baza su a tire kada su hau juna, ki gasa a zafin digiri 200 na tsawon minti 25 zuwa 30. Ruwansu zai ragu, zaƙinsu ya fito, gefensu ya ɗan yi ja. Miyar da aka yi da gasassun kayan lambu ta fi ta turararru daɗi nesa ba kusa ba. Babu murhun gashi? Ki soya su sama-sama a kasko da mai cokali biyu a wuta kaɗan, ki rufe, kina juyawa lokaci-lokaci.

Man nan yana da dalili. Sinadarin da ke ba karas da kabewa kalarsu, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sai da maiƙo hanji yake iya tsotse shi da kyau. Don haka kada ki yi girkin nan babu mai ko kaɗan.

4. Markaɗe

Ki bar kayan su sha iska kafin ki zuba a blanda. Abu mai zafi a rufaffiyar blanda yana tara tururi, ya cilla murfin, ya ƙona fuska da hannu. Kada ki cika ta fiye da rabi, ki dafe murfin da tawul, ki fara da ƙaramin gudu.

Ki zuba ruwa cokali-cokali, iya wanda zai sa wuƙar ta juya. Abin da ake nema markaɗe mai kauri da zai zauna a cokali ba ya zuba. Ki ɗebo kaɗan ki murza tsakanin yatsu biyu. Idan kin ji ɓurɓushi ko zare, ki ƙara niƙawa ko ki tace. Bawon tattasai da na tumatir su ne suka fi tona asiri, don sukan nannaɗe su yi 'yan siraran jajayen zare a cikin miya. Ga yaro mai gudun gudaji, tacewa dole ce.

Ki niƙa kowace kala daban, kada ki haɗa su wuri guda.

5. Adanawa

Ba kullum za ki yi wannan wahalar ba. Ki ware rana ɗaya ki yi mai yawa. Da ya huce, kada ya wuce awa biyu a waje, ki sa a firji. A firji yana kai kwana biyu zuwa uku. Wanda zai wuce haka ki zuba a farantin ƙanƙara ki daskarar, idan ya yi tauri ki ɓalle ki zuba a leda ki rubuta kwanan wata. A firiza mai sanyi sosai yana kai wata uku. Kowane ƙulli ɗaya kusan cokali ɗaya ne zuwa biyu, kin ga awo ya zo da sauƙi: ki ɗauko uku ko huɗu ki jefa a tukunya kai tsaye. Wanda ya narke kada a mayar da shi firiza, kuma duk abincin da aka zuba shi a ciki ya tafasa sosai kafin a ci.

Idan babu firji, ko wutar ba ta tsayawa, ki bar batun tarawa. Ki goga karas ɗaya ko yankin kabewa a gireta lokacin da kike haɗa miya, ki soya tare da albasa har ya narke. Minti biyar ne ƙari a kan girkinki, kuma ya fi a ba yaro abin da ya narke ya sake daskarewa sau da yawa.

6. Zubawa a girki

Ki fara da kaɗan, kaɗan ƙwarai. A makon farko cokali biyu ko uku a tukunyar gida gaba ɗaya. Za ki ga kamar bai kai a ce an yi wani abu ba, ki yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa. Duk bayan 'yan kwanaki ki ƙara cokali ɗaya, harshen yaron yana sabawa bai sani ba. Iyakar da nake tsayawa ita ce kashi ɗaya na kayan lambu cikin kashi huɗu na abincin, a jar miya kuma har ɗaya cikin uku. Wadda ta zuba kofi guda a ranar farko, yaro ya gane, ta jawo wa kanta makonni yana bincikar duk abin da ta ajiye masa.

Kuma tukunya ɗaya za ki yi wa kowa. Idan aka ware wa yaro nasa daban, zai fara tambayar dalili.

Miyar tumatir ita ce uwar aikin, idan kin iya ta kin gama rabi. Ga ta mutum biyar zuwa shida: mai cokali 3, babbar albasa 1, tafarnuwa sili 2, karas 2 matsakaita, jan tattasai 1, yankakkiyar kabewa kofi 1, nunannun tumatir 8, da tumatirin gwangwani mai kauri cokali 2. Ki soya albasa a wuta kaɗan har ta yi laushi ta fara zaƙi, kamar minti 8, kada ki yi gaggawa a nan don daga ita daɗin miyar yake fitowa. Ki zuba karas da tattasai da kabewa ki juya minti 5, ki sa tafarnuwa, bayan minti ɗaya ki zuba tumatirin gwangwani ki soya shi har kalarsa ta ƙara duhu. Sai ɗanyen tumatir da ruwa rabin kofi, ki rufe ki bar shi minti 25. Ki sauke ya huce, ki niƙa, ki tace idan da buƙata, ki mayar wuta da gishiri da kayan ƙamshin da gidanki ya saba da su. Wannan miya za ta hau shinkafa, za ta hau taliya, za a dafa nama ko kifi ko wake a cikinta, za a shafa ta a burodi a gasa.

Dunƙulen niƙaƙƙen nama: ga giram 500 na nama, ki goga karas da zukini da albasa su cika kofi 1. Ki zuba su a ƙyalle ki murɗe har ruwan ya daina ɗiga. Wannan matsewar ita ce sirrin, idan kika tsallake ta dunƙulen zai wargaje a cikin mai. Ki haɗa da ƙwai 1, garin busasshen burodi rabin kofi, gishiri da kayan ƙamshi, ki cuɗa, ki mulmula ƙanana yadda yaro zai ɗauka da hannu. A nan ne matsattsen alayyafo cokali biyu yake shigewa lafiya. Ki soya ko ki gasa, ki fasa ɗaya ki duba, kada a ga ja a tsakiya. Niƙaƙƙen nama sai ya nuna har ciki.

Dakakken dankalin turawa: dankali kashi uku, kalifulawa kashi ɗaya. Ki niƙa kalifulawar ita kaɗai a blanda da ɗan madara, dankalin kuma ki murƙushe shi da hannu, sannan ki haɗa da ɗan bota. Kada dankali ya shiga blanda, zai yi danƙo ya ƙi ciwuwa.

Farar shinkafa: ki goga ɗanyar kalifulawa ta zama ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ki barbaɗa a kai saura minti 6 ko 7 a sauke, ki rufe ta turara, ki juya. Ki fara da cokali uku. Mai gudun ƙamshi yakan gane wannan, gare shi gara a sa a shinkafa mai miya.

Ƙwai da fankek na safe: ƙwai 3 suna ɗaukar markaɗaɗɗiyar kabewa ko karas cokali 1 ba tare da sun canja ba, sai ma kalar ta ƙara kyau. Fankek kuma, fulawa kofi 1, ƙwai 1, madara kashi uku cikin huɗu na kofi, bekin foda cokalin shayi 1, markaɗen kabewa cokali 4. Ki rage madarar da cokali biyu tunda kabewar ta zo da nata ruwan, ki soya a wuta kaɗan don zaƙin kabewa yana sa shi saurin ƙonewa. Sai dai ina jan hankalinki, kada hanyar kek da fankek ta zama ita ce babba. Cokalin karas a cikin abin da aka cika da sukari bai mayar da shi abincin gina jiki ba.

Idan girkin ya karkace, yawanci ɗayan huɗu ne. Miya ta yi zaƙi da yawa, karas ne ya yi yawa, ki ƙara tumatirin gwangwani ko ki ɗiga lemon tsami. Ta tsinke, ki zuba markaɗen a kasko ki ƙafe ruwansa kafin ki haɗa. Kalar ta koɗe zuwa ruwan lemo, cokali ɗaya na tumatir mai kauri da aka soya a mai zai dawo da ita. Ta yi ɗaci, ko tafarnuwa ce ta ƙone ko ganye ya yi yawa, soyayyiyar albasa ko ɗan madara suna kwantar da shi. Abin da ba na so ki yi shi ne rufe ɗanɗanon da gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Babba ma ƙasa da giram 5 na gishiri a rana Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya ci, kusan cokalin shayi ɗaya, na yaro kuma ya gaza haka. Jaririn da bai cika shekara ba ki ɗebar masa nasa kafin ki sa gishiri, kuma kada ki ba shi zuma.

7. Abin da za a gani a faranti, da abin da za ki ce

Wannan mataki ya fi duk na baya muhimmanci a wurina, kuma shi aka fi watsarwa. Yaron da aka shekara ana ɓoye masa karas, bai taɓa ganinsa ba, har yanzu a ransa ba ya cin karas. Ran da ya je gidan wani ko makaranta, zai ture shi kamar da.

Don haka duk lokacin cin abinci ki ajiye ɗan kayan lambu a fili a gefen farantinsa. Kaɗan, yanka ɗaya ko biyu. Kada ki ce masa komai a kai. Ki zuba irinsa a naki farantin ki ci yana gani, mahaifinsa da yayyensa ma su ci. Zai iya barinsa yau, ya barshi gobe. Masu bincike a kan cin abincin yara sun nuna cewa sau da yawa sai an gabatar wa yaro da abu sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa, iyaye kuwa da yawa sukan haƙura tun a karo na uku ko na huɗu su ce ba ya so. Ki riƙa sauya yadda kike yinsa, yau a turare, jibi a gashe. Idan ya taɓa, ya shinshina, ko ya lasa ya ajiye, duk ci gaba ne.

Wata masaniyar abinci Ba'amurkiya, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu, kuma na ga amfanin rabon nata: iyaye su ke zaɓar abin da za a ci, da lokaci, da wuri, yaro kuma shi ke zaɓar ko zai ci, da yawan da zai ci. Ɗure, da tsawa, da "ba za ka tashi ba sai ka cinye", suna sa yaro ya haɗa kayan lambu da tashin hankali. Alkawarin alewa ma haka, don abin da yaron yake ji shi ne ganye wahala ce da ake biyan lada a kanta. Ki kuma duba abin da yake ci tsakanin abinci. Wanda ya cika ciki da biskit da lemon kwalba saura awa ɗaya a zuba abinci ba shi da dalilin gwada sabon abu.

Ranar da ya ɗago kai ya ce, "Mama, me kika sa a ciki?" ki gaya masa gaskiya. "Tumatir ne da karas da kabewa, su suka sa ta yi daɗi." Ki faɗa a sake, ki ci gaba da cin abincinki. Idan kika ce babu komai, daga baya ya gan ki kina niƙawa, yardar da ya yi da girkinki za ta tafi, kuma dawo da ita ya fi koya masa cin karas wuya. Rashin sanarwa daban, ƙarya daban. Da ya kai shekara huɗu ko biyar ma ki jawo shi kicin, ya wanke tattasai, ya tsinke ganye, ya danna maɓallin blanda kina riƙe da murfin. Yaro yakan so ɗanɗana abin da ya sa hannu a ciki.

Ki kula da shaƙewa a wannan na filin. Ɗanyen karas mai tauri, da duk wani abu zagayayye mai girman maƙogwaro, haɗari ne ga yaron da bai kai shekara huɗu ba. Ki turara ya yi laushi, ki yanka a tsaye siri-siri, kuma ya ci a zaune kina kusa. Idan kuma ɗan wani ne ya zo gidanki, ki gaya wa uwarsa duk abin da ke cikin girkin, saboda akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar ƙwai, madara ko gyaɗa, ga shi a niƙaƙƙen abinci ba a gani balle a kauce.

8. Lokacin da ya kamata a ga likita

Yawancin tsirfa tana raguwa da kanta yayin da yaro ke girma, matuƙar yana wasa, yana ƙara tsawo da nauyi. Amma akwai wadda ta fi ƙarfin dabarar kicin. Idan yana ramewa ko nauyinsa ya tsaya, idan tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, yana yawan kasala, idan yana kakarin amai ko ƙwarewa duk lokacin da abu mai gudaji ya shiga bakinsa, idan haɗiya tana yi masa zafi, ko kuma abincin da yake yarda da su 'yan kaɗan ne kuma kullum raguwa suke yi, ki kai shi asibiti. Haka idan kika ga ƙuraje, kumburin leɓe ko fuska bayan ya ci wani sabon abu, ki daina ba shi har sai likita ya duba, in kuma numfashinsa ya sarƙe to a garzaya da shi nan take. Kafin ranar ganin likita ki rubuta duk abin da ya ci da abin da ya sha na kwana uku, da lokutan, ki tafi da takardar tare da katin awon nauyinsa.